Daga Tukunyar Ƙasa Zuwa Duro: Tarihin Sauyin Kayan Aiki a Gidajen Dafa Burukutu

1.0 Gabatarwa

Dafa giya na daga cikin sana'o'in da manazarta Hausa suka fi kauce wa. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ƙira da jima da rini da saƙa da dukanci, an kuma tattara kalmominsu, amma da wuya a ci karo da ɗalibin da ya zaɓi gidan giya ya zama fagen bincikensa. Dalilin a fili yake. Mafi yawanmu Musulmi ne, addini kuwa ya haramta giya, kuma mai wannan takarda yana kan wannan hukunci. Sai dai haramcin abu bai fitar da kalmominsa daga cikin harshe ba, bai kuma shafe tarihinsa ba.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne zaman aiki da ya kawo ni kudu. A wata kasuwa da ke bayan barikin soja na tarar da mata 'yan Filato da kudancin Kaduna da Binuwai suna cinikin itace da dawa, kowacce da harshenta na gida, amma Hausa ce ta haɗa su, kuma kusan duk kayan aikinsu da Hausa suke kiransu. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda waɗannan kayan aiki suka sauya a cikin ƙarni na 20 zuwa yau. Za a ga cewa abin niƙa ya sauya, tukunya ta sauya, mazubi ya sauya, amma murhu, inda aka fi yin asara, yana nan kusan yadda yake. Takardar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ba jahilci ne ya kawo haka ba, rashin tabbataccen matsuguni ne.

2.0 Daɗewar sana'ar

Littafin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke tare da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda, kowa da sana'arsa. A cikinsu akwai Gijigiji maƙeri, da Hanburki mai magani, da Bugazau mai dafa giya. Wato ke nan marubucin ya ajiye dafa giya a sahu ɗaya da ƙira. Bayan kafuwar Musulunci, musamman bayan jihadin 1804, sana'ar ta janye daga birane ta koma ƙauyukan Maguzawa. Greenberg (1946), wanda ya yi bincike a karkarar Kano, ya nuna matsayin giya a bukukuwansu da tsafe-tsafensu. A tsaunukan Filato kuwa, Netting (1964) ya bayyana yadda Kofyar ke biyan 'yan gayya da giya, su kuma biya tara da ita, har ta zama tamkar kuɗi.

Giyar dawa ba ta tsaya a ƙasar nan ba. Ita ce dolo a Mali da Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi, marisa a Sudan, otika a ƙasar Yarabawa. Abin da Bahaushe ke kira fito shi ake kira pito a Gana da kudancin Nijeriya, kasancewar Hausa ba ta da /p/ a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta. Kalmar burukutu kuwa ta game ƙasa baki ɗaya.

3.0 Yadda ake dafawa

Ba za a fahimci amfanin kowane kayan aiki ba sai an san matakan aikin. Da farko ana jiƙa dawa kamar kwana ɗaya, a tsame, a baza a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har ta tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. Sai a shanya tsiron a rana, a murje saiwoyin, a niƙa. Murje saiwar ba ado ba ne. Ɗanyen tsiron dawa yana da guba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa da ke kayar da shanu, kuma shanya da murza da dafuwa su ke rage ta.

Daga nan sai a dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta. A nan ne gwanintar take. Mai dafawa za ta tsiyaye ruwan da ya taso sama ta ajiye shi gefe ba tare da ya ga wuta ba, ta dafa gindin kaɗai har ya yi kauri kamar kunu, sannan ta mayar da ruwan farko a kansa. Nan da nan kaurin zai saki, zaƙi ya fito. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a tace, a sake dafawa na tsawon sa'o'i, a bar shi ya huce, sannan a zuba ragowar giyar da ta gabata domin ta tayar da shi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya nuna. Ba ya kuma jiran mai saye, domin ba a kashe ƙwayoyin da ke cikinsa ba, in ya ƙara kwana biyu tsami ya ɓata shi. A kudu an ƙara wani abu: Faparusi da abokan aikinsa (1973) sun rubuta cewa masu burukutu a yankin Ibadan suna haɗa garin rogo da tsiron dawa. Wannan sauyi ne da wuri ya kawo, domin a can rogo ya fi dawa araha.

Abin lura shi ne dafuwa biyu ce, kuma dukkansu masu tsawo. Bayan kuɗin dawa, babu abin da ke cin jarin mai burukutu kamar itace.

4.0 Doka da matsuguni

A ƙauye, dafa giya aikin lokaci-lokaci ne: biki, ko gayya, ko ranar kasuwa. Mulkin mallaka ne ya mayar da ita sana'ar kullum. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari domin baƙi. Haƙar kuza a Filato, wadda kamfanonin Turawa suka bunƙasa a farkon ƙarnin, ta tara dubban leburori a barikokin da ke kewayen Jos da Bukuru, maza marasa iyali masu karɓar kuɗi a hannu. Barikokin soja da na 'yan sanda ma haka. Inda duk aka tara irin waɗannan mutane, sai mata masu dafawa su biyo baya.

Amma ita gwamnatin da ta samar da kasuwar ita ce kuma ta ɗaure ta. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, aka sa Arewacin Nijeriya a ciki. Dokar giya ta 1917 ta raba ƙasar zuwa yankunan da aka hana da waɗanda ake sayarwa da lasisi. Heap (1998) ya nuna cewa hanin bai hana sha ba, sai dai ya tura shi bayan fage. Dokar finalkod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta mai da shan giya laifi ga Musulmi. Daga 1999 kuma, da Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 suka ɗauki shari'ar Musulunci, masu sana'ar da yawa suka koma kasuwannin barikin soja, inda ikon jiha bai kai ba, ko suka ƙaura zuwa wasu jihohin.

Ba hukunta waɗannan dokoki ne aikin wannan takarda ba. Abin da ya shafe mu shi ne sakamakonsu a kan kayan aiki. Sama da shekara ɗari, mai burukutu ta birni tana aiki ne a filin da ba nata ba, a gefen gari, da izinin da za a iya janyewa gobe. Mai irin wannan zama ba ya zuba jari sai a kan abin da zai iya ɗorawa a amalanke.

5.0 Abin da ya sauya

Sauyi na farko da ya sami karɓuwa ba gardama shi ne injin niƙa. Niƙa tsiron da zai cika manyan tukwane a kan dutse aikin mata da yawa ne na yini guda. Da injinan niƙa masu aiki da man gas suka yaɗu a garuruwa bayan samun mulkin kai, sai aikin ya koma na 'yan mintoci. A lura kuma, injin ba nata ba ne. Kai niƙa take yi ta biya, ta dawo da garinta. Ba ta sayi komai ba, ba ta kafa komai ba.

Na biyu shi ne tukunya. Tukunyar ƙasa tana riƙe zafi, masu sha kuma suna cewa giyarta ta fi daɗi, amma tana da nauyi, tana jinkirin ɗaukar wuta, kuma in ta tsage a tsakiyar dafuwa an yi asarar dawar mako guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka shigo. Ɗaya shi ne duron mai, mai cin lita 200, wanda kamfanoni da sojoji suka watsar da shi da yawa. Ana fasa bakinsa ko a raba shi biyu, a ƙone cikinsa, ya zama tukunya. Ɗayan kuwa ita ce tukunyar da maƙera ke zubawa da narkakken alminiyam na tsofaffin kayan mota, sana'ar da ta yaɗu a Afirka ta Yamma tun daga shekarun 1940. Duro ya ninka abin da mace ɗaya ke iya dafawa a ɗora ɗaya, ba ya fashewa, kuma ana mirgina shi a tafi da shi.

Wannan ci gaba bai zo hannu rabbana ba. Burukutu abu ne mai tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe. Tun 1929 wani likita mai suna Strachan ya bayyana taruwar sinadarin ƙarfe a jikin baƙaƙen fata a Johannesburg, daga baya aka danganta matsalar da giyar da ake dafawa a durukan ƙarfe, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin. Tukunyar alminiyam ma ba ta tsira ba: wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano dalma tana fita daga jikinsu in an dafa abu mai tsami. Ga kuma tambayar abin da duron ya ɗauko kafin ya zo hannunta. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne maganin duk wannan, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mafi yawansu, mai sha kuwa ba zai ƙara ko sisi a kan ƙwarya don an sauya tukunya ba.

Na uku shi ne roba. Randa da tulu sun ba da wuri ga shuɗin duron roba da jarka da bokiti, matacin kaba ko na ciyawa ya ba da wuri ga buhun leda. Ga mai nazarin harshe, jerin kalmomin kansa tarihi ne. Tukunya, randa, tulu, ƙwarya, ludayi, muciya, mataci, murhu, duk tsofaffin kalmomi ne. Inji, duro, bokiti, jarka, roba, leda kuwa, duk aro ne daga Ingilishi, kuma kowacce suna ne na abin da ake ɗauka a tafi da shi ko a biya a yi amfani da shi. Ƙwarya ta tsira domin mashaya sun ƙi rabuwa da ita. Dusar da ta rage bayan tata ma ba a zubar da ita, masu kiwon aladu da awaki suna saye, wato tun kafin maganar tattalin muhalli ta zama yayi, wannan ɓangaren ba ya barin shara.

6.0 Darasin 1988

Yana da kyau a ɗan ratse zuwa manyan kamfanoni, domin abin da ya same su ya haska ilimin da ke cikin gidan burukutu. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshen Kaduna a 1963. Shi da sauran kamfanonin da suka biyo baya duk da tsiron sha'ir na ƙasashen waje suke aiki, injinansu ma don sha'ir aka ƙera su. A watan Janairu na 1988, cikin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka hana shigo da tsiron sha'ir. Dole kamfanoni suka juya ga dawa da masara.

Matsala biyu suka tarar. Ta farko, sha'ir yana da ƙaiƙayi manne da ƙwayarsa, wanda ke kwanciya a gindin tanki ya zama mataci. Dawa ba ta da shi, don haka tankunan tata suka riƙa toshewa, sai da aka sayo sababbin injinan tata masu matsewa ta cikin ƙyalle. Ta biyu ta fi wuya. Sitacin sha'ir yana narkewa a zafin da bai kashe sinadaran tsiro masu mayar da shi sukari ba. Sitacin dawa kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, a nan kuma sinadaran sun fara mutuwa. In an dafa sosai an kashe su, in ba a dafa ba sitaci bai saki ba. Wasu kamfanoni suka koma sayen sinadaran daga waje. Masu binciken kimiyya kuma suka ba da shawarar a tsiyaye ruwan sama mai ɗauke da sinadaran, a dafa gindin dabam, a sake haɗawa. Mai karatu zai gane wannan, domin ita ce hanyar da aka bayyana a sashe na 3.0, wadda mata ke bi ba tare da ma'aunin zafi ba. Hatta irin dawar da kamfanoni suka fi so, SK5912 ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, daga kaura aka fitar da ita, harufan farkon sunanta ma gajeriyar kaura suke nufi. An janye hanin a ƙarshen shekarun 1990, amma dawa ta riga ta zauna a masana'antar, ƙananan kamfanoni da dama da suka kasa sayen sababbin injina kuma sun riga sun rufe.

Wani sakamako da ba a cika ambata ba shi ne, daga lokacin mai burukutu ta sami abokin takara a kasuwar hatsi wanda ke saye da tirela.

7.0 Murhu

Murhun duwatsu uku yana kai kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin itace ga tukunya. Sauran iska ke kwashewa. Ga mai tuwon gida wannan asara ce, ga mai ɗora duro uku ko huɗu na tsawon yini kuwa, rabin wahalarta ke nan. A ƙananan masana'antun giya na zamani, irin Bature Brewery da aka fara a Abuja a 2017 kafin ta koma Legas, ana iya samun na'urori na musamman don wannan matsala: a naɗe tanki da abin da ke hana zafi fita, a kuma bi da tafasasshen ruwan giya ta jikin faranta na ƙarfe, ruwan sanyi na bi ta ɗaya gefen, ta yadda zafin da aka cire daga dafuwar yau zai ɗumama ruwan dafuwar gobe. A gidan burukutu wannan zafin duk sama yake tafiya, daga buɗaɗɗen duro da bahon da aka baza don ya huce.

Gyaran da ya dace da ita ba ya buƙatar na'ura. Gini ne na laka ko jan bulo wanda zai rungume tukwane har wuya, da ƙofa ɗaya ta cusa itace, da hanyar da harshen wuta zai bi ta gindin tukunya ta farko zuwa ta biyu kafin hayaƙi ya fita. Inda aka fi gwada wannan shi ne Burkina Faso. A can dafa dolo sana'a ce da ake yi a fili cikin unguwannin Wagadugu, kuma tana cin babban kaso na itacen da ke shiga birnin. Gwamnatin Thomas Sankara ta ƙaddamar da yaƙi da saran itatuwa barkatai a 1985, masu binciken makamashi na ƙasar suka tsara murahu iri-iri. Daga baya wani shiri mai suna FAFASO, da tallafin Jamus, ya horar da magina su riƙa gina wa masu dolo murhun a kan kuɗi. Grimm da Peters (2015) sun auna sakamakon, suka sami ragin itace na kusan kashi ɗaya cikin biyar a kowace dafuwa. Ragi ne mai tsoka, amma bai kai abin da murhun ke iya yi ba, domin da yawa sun tsattsage ba a gyara ba, wasu matan kuma sun ci gaba da cusa manyan gungume kamar yadda suka saba.

Darasi biyu ke nan. Murhun gini yana biyan kuɗinsa, amma a hankali, cikin dafuwa da yawa. Kuma ba abin da za a gina a manta ba ne, yana son yaɓe da kulawa kamar ɗakin ƙasa. Dukkan sharuɗɗan biyu suna buƙatar mutum ya san zai kai baɗi a inda yake.

A Nijeriya buƙatar ba ta gaza ta Burkina ba. Dazuzzukan Filato sun daɗe da yin sama, har itacen turaren da aka dasa a tsofaffin filayen kuza ya zama abin hura wuta. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin dakon itace daga nesa. Duk da haka, a kasuwar da na ambata da farko ban ga murhun gini ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne duwatsu da tsofaffin kangarwar mota, da fallen kwano da aka jingina don tare iska. Wannan kwanon kansa shaida ne cewa sun san inda zafi ke gudu. Da na tambayi wata dattijuwa daga cikinsu dalilin da ba ta gina ba, ta ce, "Malam, ai ba a gini a bakin hanya." Ta ce sau uku ana tayar da su tun da ta fara sana'ar, kowane karo da duronta da robobinta ta tafi, duwatsun murhu kuwa duk inda ta sauka akwai su.

Harshen ma ya nuna haka. Ana jin "murhun zamani" da "murhu mai tsimin itace" a rediyo da bakin ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara, amma a cikin kalmomin da na tattara daga bakin matan nan babu ko ɗaya daga cikin biyun. Suna da sunan duron dafuwa dabam da na duron jiƙo, suna bambanta ruwan farko da gindi, suna da lafazin giyar da ta nuna da wadda ta wuce. Ga murhu kuwa kalma ɗaya ce tak, wadda kakanninsu suka san shi da ita.